Na Ƙetare Gada Don Fim Ɗin Mai Laima

Tun ranar Litinin da na dawo ban samu na tsince shinkafa cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo, "Maman Sadiya, yaya ƙetare?" Waccan ta kira a waya. A islamiyya har Malama sai da ta ajiye alli ta ce in ba su labari. Na faɗa na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk wadda ta kai wa wata sai ta ƙara gishiri. Jiya na ji wai kare ya cije ni. Bai cije ni ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya da ɗan bokon da na samu a yaƙi da jahilci, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Daga gida sai islamiyya, sai asibiti in ta kama. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da muka kwaso kaya daga Makera muka dawo Unguwar Mu'azu, lokacin da gari ya rikice kowa ya koma inda nasa suke, kuma tun daga ranar ƙafata ba ta sake taka gadar kogin Kaduna ba.

A Makera gidan haya muka zauna, ɗaki goma sha biyu, mazajenmu duk a masaƙa suke aiki. Ƙofata na kallon ƙofar Saratu, mutuniyar Kudancin Kaduna, wadda tare muka yi goyo, tare muka yi yaye. Mijinta Istifanus, da muke kira Baban Rifkatu, shi ya fara sayen bidiyo a gidan. Duk Asabar bayan la'asar sai a fito da talabijin bakin ƙofa, a rataya zannuwa a tare rana, a sa fim ɗin Chanis. Ba mai jin yarensu, don haka ni ce mai fassara. Ni ma ko kalma ɗaya ba na ji, amma ina jin murya. In mutum zai yi ƙarya muryarsa na sirancewa, in roƙo yake tana rawa, in cika baki yake tana fitowa ta hanci. Da wannan nake haɗa musu magana, gida ya yi tsit, har masu aikin dare su fasa barci.

To, sati biyu da suka wuce sai ga wayar Rifkatu, babbar 'yarsu, wadda yanzu nas ce. Ta ce ciwon suga ya tafi da idon babanta. Wata bakwai ke nan bai fito daga ɗaki ba, ko coci ba ya zuwa, abinci cokali biyu ya ture. "Mama, ƙarewa yake muna kallo," in ji ta. Ranar Asabar zai cika shekara saba'in, sun nemo masa tsohon fim ɗin da ya fi so, na Mai Laima, ko zai sa ya fito. Da suka gaya masa sai ya ce, "Da wane idon?" Can ya juya ga bango ya ce, "Sai dai in Talatu ce za ta faɗa." Wato ni ke nan. Saratu ta cafke wannan maganar ba ta saki ba. Na dubi maigidana Malam ina jiran ya hana, in samu abin fakewa. Ya ce, "Mutumin da ya koya mini aikin inji? Ɗaure kayanki."

Ranar Juma'a da hantsi Rifkatu ta zo da keke shata. Na ɗauki daddawa, kuka, man shanu da bokitin dubulan. Muna hawa babban titi na gane na daɗe a ɗaka. Tireloli kamar gidaje suna wucewa ta gefen kunnena, kekenmu na rawa kamar faranti a kan ruwa. Mai keken, mutumin Nasarawa, ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Hajiya, saki ƙarfen nan, ba zai gudu ba." Na ce masa ƙarfen ba zai gudu ba, ni ce zan gudu.

A bakin gada akwai shinge, ga 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Mama, wetin you carry?" Kafin Rifkatu ta amsa ya buɗe ƙunshin daddawa. Ya ja baya ya yi atishawa, sannan ya sake matsowa ya shinshina, ya ce da Hausa, "Kai! Wannan ta gida ce, ba ta kasuwa ba. Tun da tsohuwata ta rasu a Pankshin ban ji irinta ba." Na ba shi dunƙule uku. Ya sa a aljihun gaba ya sara mini, na ce Allah Ya sa kada ya manta a kai rigar wanki.

Muna tsakiyar gada keken ya yi tari sau biyu ya mutu. Ga damina, kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Mai keke ya ce mu sauka mu taka, zai turo. Jama'a, da ƙafata na ƙetare! Gadar tana motsi in tirela ta hau, ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Ina riƙe da hannun Rifkatu ina karanto duk addu'ar da na sani, ita kuma tana ta "Yesu, Yesu" a ƙasa-ƙasa. Da muka taka ƙasa na ce, "Ashe ke ma tsoro kike?" Ta ce, "Mama, ba gadar ba ce, farcenki ne ya shige mini."

Daga nan muka bi ta gefen Kudenda. Kamfanoni a jere, ma'aikata da hular ƙarfe da manyan takalma, har mata. Na ga wata da wando da goyo a baya tana sayen masara, na daɗe ina waigenta. Can muka shiga Makera. Masaƙar da jiniyarta ke tashinmu da asuba ciyawa ta fito a rufinta. Tsohon gidanmu an mayar da gabansa shagon gyaran waya.

Su Saratu sun gina nasu a can baya. Keke bai gama tsayawa ba na ji ihunta: "Talatu! Talatu ya zo!" Kanta ya yi fari fat amma muryar tana nan. Muka rungume juna muna kuka muna dariya. A lokacin ne karen gidan ya fito, ni kuma na tsinci kaina a kan benci da bokitin dubulan a ka. Iyakar abin da ya faru da kare ke nan. Aka ɗaure shi a bayan gida har na tafi.

Ɗakin Rifkatu na da aka gyara mini. Ga sabuwar buta da ledarta, ga sabuwar tabarma, kuma Saratu ta je har wurin mai shayin bakin titi ya zo ya nuna mata gabas, ta yi alama da alli a bango. Tukunya ma sabuwa ta saya, kaza kuma mahauci Bahaushe ta kai wa ya yanka. Na ce, "Saratu, da can a kwano ɗaya muke ci, yau me ya kawo wannan?" Ta ce, "Na ji tsoro ko kin canza." Na ce mata zubo mini faten acca a kwanonki mu gani. Na sha kwano biyu, da yakuwa da gyaɗa, irin wanda rabona da shi tun muna Makera.

Sannan ta kai ni gaida mai gidan. Ɗaki duhu, taga a rufe. Mutumin da ke ɗaukar buhun masara shi kaɗai, ga shi a bakin gado kamar an rataya riga a ƙusa. Kafin in yi sallama ya ce, "Talatu, kin yi nauyi, na ji a takunki." Na ce, "Kai kuma bakinka bai rame ba." Ya ɗan yi murmushi. Na ce gobe zai fito mu yi kallo? Ya ce, "Ku dai bar ƙofa a buɗe. Zan ji daga nan." Saratu ta dube ni, na ga idonta ya cika.

Asabar tun da safe gida ya cika. Su can ba a raba zama, maza da mata kujera na gogar kujera, suruki na miƙa wa surukarsa lemo hannu da hannu. Matan zumuntar cocinsu suka zo da anko, suna buga tulu da tafin hannu, wani irin kiɗa mai shiga ciki. Ban san lokacin da ƙafata ta fara bi ba. Aka yanka kek, aka yi waƙa, aka yi addu'a mai tsawo, duk ana fuskantar ƙofar ɗakin nan. Bai fito ba. Kek ɗin da aka kai masa ya dawo yadda ya tafi.

Ƙarfe uku aka kafa wata ƙatuwar talabijin a ƙarƙashin rumfa, aka tada janareto. Mijin Rifkatu, malamin sakandare mutumin Binuwai da kowa ke kira Ticha, shi ke riƙe da rimot. Aka ajiye mini kujera dab da ƙofar Baba. Na yi bisimilla.

Ga waɗanda ba su san fim ɗin ba: wani saurayi ne mai baƙaƙen kaya, kullum da laimar gora, a cikin sandar laimar akwai wuƙa. Ana buɗe fim yana durƙushe gaban kabari yana kuka. Akwai kuma wani ƙato mai sanƙo da ke dariya yana jefa kai baya. A dokarmu ta Makera, duk wanda ya fara kuka shi ne akto, duk mai irin wannan dariyar shi ne bos. Don haka a fassarata, Mai Sanƙo ya kashe uwar Mai Laima ya ƙwace musu gona, shi kuma yana bin yaransa ɗaya bayan ɗaya yana ramawa.

Na fara. Wallahi muryar ta dawo mini kamar jiya na ajiye ta. "Inna, kwanta ki huta, na rantse da nonon da na sha sai na shafe su!" Tsofaffin wurin suka ɗauka da shewa. Wani tsohon soja maƙwabcinsu da ake kira Saja ya miƙe yana dukan iska, "Ba shi! Ƙara masa!" Matasa kuwa dariya suke har da riƙe ciki. Ɗaya ya ce ga igiyar da ake jan mutumin sama, a fili. Wata ta ce wannan jinin tumatirin gwangwani ne. Wani ya ce ta yaya mutum ashirin za su kewaye mutum ɗaya su tsaya suna bin layi kamar a gidan mai? Saja ya juyo ya ce, "Tarbiyya ke nan! Faɗan da akwai ladabi. Naku na yanzu daga nesa ake latsa abu, mutum bai ga fuskar wanda ya kashe shi ba." Shugabar zumunta, Mama Laraba, ta ce ita dai tausayin masu gidan abincin take ji, duk faɗa a kansu ake farfasa tebur, kuma ba mai cewa sannu.

Ina yi ina kasa kunne ga ɗakin. Na ji gado ya yi ƙara sau ɗaya. Na ƙara murya.

Mun kai wajen da Mai Laima ya tsaya gaban wani labule, wani na yi masa magana daga ciki ba a ganin fuskarsa. Na ce, "Wannan kawunsa ne, yana ce masa, ɗana, kada ka bar jinin uwarka ya tafi a banza." Sai Ticha ya tsayar da fim ɗin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, tun ɗazu nake daurewa. Ba haka ya ce ba."

Ashe wannan da suka samo yana da rubutun Turanci a ƙasa. Namu na da ba shi da shi. Ticha ya ce mutumin labulen hayar Mai Laima ya yi. Mai Laima makashi ne, sana'arsa ke nan. Waɗanda yake kashewa shaidu ne. Mai Sanƙo kuma alƙali ne da ya ƙi karɓar cin hanci. Kabarin nan ma ba na uwarsa ba ne, na mutumin farko da ya kashe ne.

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Shekara da shekaru gidan haya guda na tafa wa ɗan ta'adda, muna tsine wa alƙalin kirki, kuma da bakina! Rumfa ta kaure. Mama Laraba ta ce, "Na faɗa! Tun da na ga yana goge wuƙa a rigar gawa na ce wannan ba ɗan mutunci ba ne." Saja ya ce ƙarya ne, masu rubutun ne 'yan adawa, alƙalin kirki ba ya irin wannan dariyar. Wata tsohuwa da muka zauna tare a Makera ta ce ita ta yi kuka kwana biyu ranar da Mai Laima ya mutu, yanzu wa zai dawo mata da hawayenta? Matasa suka rabu biyu, wasu na cewa ai yanzu ne fim ɗin ya yi ma'ana, wasu na cewa na Mama ya fi daɗi a kashe rubutun. Rifkatu na harar mijinta kamar ta cinye shi. Ni kuwa ba kunyar ce ta fi damuna ba. Na ce shi ke nan, abu ɗaya da mutumin nan ya roƙa ya lalace a hannuna.

Sai muka ji an buga ƙofa da tafin hannu.

Yana tsaye a bakin ƙofar, hannu ɗaya a bango, singileti a jikinsa, yana ƙifta ido a hasken da ba ya gani. "Ku yi mini shiru!" in ji shi. "Dukanku ba ku san fim ɗin nan ba. Ticha, mayar da shi baya. Wajen da tsohon malaminsa ke koya masa faɗa a bakin rafi."

Ba wanda ya yi motsi sai Saratu. Ta zo ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa kamar kullum suke yi, ta kawo shi kujerar da ke kusa da tawa. Ticha ya mayar. Tsohon malamin ya yi magana, ya ɗan yi wani tari guntu, sannan ya ja numfashi ta haƙori.

"Kun ji?" in ji Baba. "To, Ticha, kai mu wajen labule."

Na rufe idona na saurara. Mutumin labulen ya yi magana, ya yi tarin nan guntu, ya ja numfashi ta haƙori. Na miƙe tsaye ban sani ba. "La ilaha illallahu! Shi ne! Malaminsa ne!"

"Sau nawa na kalli fim ɗin nan da ido biyu ban gane ba," in ji Baba, muryarsa na ƙara ƙarfi. "Wanda ya raine shi, ya koya masa, shi ke aikensa kisa a ɓoye. Yaron bai sani ba. To ku gaya mini, wane ne bos? Ba Mai Sanƙo ba ne, ba Mai Laima ba ne. Ga bos can yana shan shayi a bakin rafi, har fim ya ƙare ba wanda ya taɓa shi!"

Ihu! Saja ya jefa hularsa sama. Aka mayar sau uku, kowa ya rufe ido yana saurare, har matasan da ke dariyar igiya. Mama Laraba ta ce duk da haka wanda ya riƙe wuƙa shi zai amsa a gaban Ubangiji. Baba ya ce zai amsa, amma ba shi kaɗai ba. Sai Ticha, da bai iya kame bakinsa ba, ya ce, "Baba, a irin finafinan nan fa mutum ɗaya kan yi wa mutum biyar murya, don tsimi. Wataƙila shi ya sa."

"Tsimi? Har da tarin?" Baba ya juya inda muryar take. "Kai da ka karanta rubutu ka ɗauka ka ga fim! Wa ya ba ka 'yata ma?"

Ana cikin wannan na ga Saratu ta lallaɓo da kwanon sakwara da miyar agushi ta ɗora masa a cinya, ta kama hannunsa ta wanke a roba. Yana ta zuba, hannun na yanko loma. Ya nuna Ticha da loma, ya kai baki. Ya kira Saja shaida, ya kai baki. Na ƙirga a raina har na daina ƙirgawa. Da ya shafo ƙasan kwanon ya ji wayam sai ya ce, "Wa ya cinye mini abinci?" Saratu ta ruga kicin, na bi ta, na same ta ta toshe baki da zani tana kuka kada ya ji. Na ce, "Ke, share ido ki ƙaro, bai ƙoshi ba."

Da aka ci gaba na tambaye shi, "Yanzu wanne zan faɗa, nawa ko na rubutun?" Ya ce, "Ticha ya karanta abin da suka ce, ke ki gaya mini yadda suka faɗe shi. In kun yi ƙarya ina ji." Haka muka ƙarasa, mu uku. Da Mai Laima ya faɗi a matakalar gidan alƙali, rabin rumfa na tafi, rabi na share ido, kuma har aka kwashe kujeru ba a daidaita ba.

Na so in dawo Lahadi, ya ce ban isa ba, akwai wani wajen da yake zargin matar mai gidan abincin ma da hannunta. Muka sake kallo bayan sun taso daga coci. Sun, na ce, don da shi aka je.

Litinin da safe keke ya tsaya a bakin titi, ya kai taku ɗari daga gidan, ga kwata ga duwatsu. Na yi masa sallama a tsakar gida, ya ce wa ya gaya mini a nan zai tsaya? Ya dafa kafaɗar Saratu muka fito. Masu shago na leƙowa, "Baba, kai ne? Baba, sannu da fitowa!" Shi ko ta kansu bai bi ba, yana ta yi mini bayanin tarin. Na shiga keke, mai keke ya tayar, ya laluba ya kama ƙarfen ya riƙe.

"Talatu, akwai wani na wata mace mai takobi biyu, kin tuna? Ina zargin a can ma kin ɗora mu a kan ƙarya."

Na ce, "Ka nemo shi, ka ci abinci ka yi ƙarfi, don ba zan sauka daga maganata da sauƙi ba."

Ya saki ƙarfen yana dariya. Har muka sha kwana ina waige, yana tsaye a rana a bakin titi, ya tare mai gyaran taya yana ba shi labarin Mai Laima.